Daminar da Baffa Ya Daina Amsa Gaisuwata

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma abin ya fara lalacewa, ranar kasuwar Gazawa, an idar da la'asar mutane sun fara ɗaure kaya. Ni ba na wurin. Ina Maraɗi a ɗakin da muke haya mu uku, ina wanki a bokiti, ban ma san a lokacin ne gidan rediyo ya saki hirar da aka ɗauka da ni ba. Daga baya na san sa'ar, domin kullum a wannan lokacin ake saka shirin ɗalibai. Ku ƴaƴana kun taso kuna jin ana cewa uwarku ta taɓa zagin ubanta a rediyo. Ko a bikin ƴar'uwarku Hadiza na ji wata tsohuwa tana faɗa wa ta kusa da ita, tana nuna ni da haɓa. Na gaji da gyara maganar nan baki da baki, kuma yanzu numfashina ba ya kai ni ƙarshen dogon bayani. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, ku karanta in kun samu sarari.

Ni ce ɗiyar fari. Kakanninmu Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama hauya a wani ƙauye kusa da Gangara. Harshen ya tafi, shanun sun ragu har suka koma na huɗa, amma kunya ta zauna daram. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Goggo Dije, yayar Baffa, wadda ɗakinta ke cikin gidan, zana ce kawai tsakaninsa da turakar Baffa. Baffa bai taɓa kiran sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce "ta Dije", in kuma ina kusa ya ce "waccan". Ba ya zama inda nake zaune, ba ya karɓar abu daga hannuna. Inna ma haka, sai dai ita takan manta ta daka mini tsawa. Ƙannena suna hawa kafaɗarsa suna ja masa gemu, ni ina kallo daga bakin murhu, kuma ban taɓa ɗaukar haka ƙiyayya ba, don duk ɗiyar fari a ƙauyenmu haka take. Muna da tamu hanyar. Kowace safiya nakan durƙusa a bayan zana in ce "ina kwana" ƙasa-ƙasa, shi kuma ya yi gyaran murya ya ce "madalla", kamar da butarsa yake. A kan wannan kalma ɗaya na girma, da ita na je lakol, wato makarantar boko, da ita na tafi Maraɗi, kuma ta ishe ni.

A shekarar ƙarshe ta karatuna aka ce kowa ya rubuta memuwar, wato dogon rubutun da ɗalibi zai tsaya ya kare a gaban malamai kafin a ba shi takardar gamawa. Na zaɓi in kwatanta uba da ɗiya a wani tsohon littafi na Faransanci da kuma wani fim na zamani. Ba don Baffa na zaɓa ba, ko da yake har yau ban samu wanda ya yarda da ni a kan wannan ba. Littafin ne ya kama ni tun ina lise, wato sakandare, na karanta shi har bangonsa ya rabu na ɗinke da zare. Labarin wani masassaƙin jiragen ruwa ne a bakin teku, mutum mai taurin kai, da ɗiyarsa da ke riƙe masa gida. Wani jirgi da ya ƙera ya nutse da mutane, aka kira ɗiyar gaban alƙali, ta faɗi gaskiya cewa ta ga lokacin da ya sa ruɓaɓɓen katako. Daga ranar bai sake yi mata magana ba. Suna cin abinci wuri ɗaya, in yana son gishiri sai ya gaya wa mai aiki. Haka suka zauna har ya mutu, ita ce ta rufe masa ido. Fim ɗin kuwa direban babbar mota ne da ɗiyarsa da suka daɗe ba su ga juna ba, tafiya ta haɗa su a gaban mota ɗaya. Tun daga tasha suke ihu. Ta jefe shi da kwanon abinci, ya sauke ta a daji, ya dawo ya ɗauke ta, a ƙarshe suka rungume juna suna kuka a gidan mai. Abin da na kafa rubutuna a kai shi ne, a littafin shiru ne bulalar, a fim ɗin kuma ihu ne maganin. Na bi littafin shafi shafi ina fitar da duk inda uban ya buɗe baki, fim ɗin kuma na kalle shi a kwamfutar wata ƙawata har ta fara kulle ta a akwati in za ta fita.

Mushe Idi, malamin da ke duba aikina (Mushe muke ce wa malami namiji da Faransanci), ya ce rubutun ba shi da aibu, amma ni ce matsalar, don in na tsaya gaban mutum uku muryata takan maƙale. Shi ya tura ni shirin ɗalibai na rediyo, wai in saba da magana kafin ranar karewa. Da Hausa ake shirin. Mai gabatarwa ya ce in faɗi sunana, na faɗa yadda ake kira a aji tun ina ƙarama, nawa haɗe da na Baffa, ban ko ji nauyinsa a bakina ba. Ɗakin babu kowa sai ni da shi da makirfo, shi ya sa bakina ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa ba. Na yi ta zuba. A ƙarshe ya tambaye ni wane uba ne ya fi cutar da ɗiyarsa, na ce na littafin, domin uban da zai zauna gida ɗaya da ɗiyarsa ba ya yi mata magana, ya binne ta ne tana numfashi. Masassaƙin nake nufi. Allah ya sani ko ƙauyenmu bai zo mini a rai ba.

Da aka yi ruwan shuka na zo gida in yi kwanaki kaɗan, in koma in kare aikina. Na sauka a kabu-kabu da yamma, na ga mata a bakin rijiya sun amsa sallamata suna kallon guga. Washegari na durƙusa a bayan zana na ce ina kwana. Na ji motsin Baffa, na ji ya ɗauki buta, na ji takalminsa ya nufi ƙofar gida. Ban tashi ba sai da gwiwata ta yi tsami. Goggo na tsaye a bakin ɗakinta da muciya a hannu.

"Ke Rabi, taso nan. Mi ubanki ya yi maki?"

"Goggo, ni ma shi nake son in sani."

"Au, ba ki sani ba? Kin shiga akwatin rediyo kin kama sunan ƙanena gatsau kamar sa'anki, kin ce ya binne ki da rai, kuma ba ki sani ba?"

"Littafi ne, Goggo. Wani Bature ne mai sassaƙa jirgi."

"Baturen ne ke da ɗiya a Maraɗi? Ni ban ji da kunnena ba, amma duk wanda ya ci kasuwar nan da ita ya dawo. Har matar mai gishiri ta zo yi mani jaje, wai ashe wahalar da na yi a kanki ta tashi a banza."

Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga jirgin har gidan mai. Ta saurara, ta ce ita dai ba ta gane abin da ya kai ni shiga rigimar mutanen da ban sani ba, amma za ta gaya masa. Ta gaya masa da yamma. Ya ce, "Na ji." Da safe na gaishe shi, bai amsa ba.

Ku da kuka taso kuna gardama da ubanku a kan tashar talabijin, ba lalle ku gane nauyin wannan ba. Mutumin da dama ba ya yi maka magana, ta ina za ka auna fushinsa? Ɗiyar masassaƙi ta san ranar da aka rufe mata ƙofa, ta san dalili. Ɗiyar direba tana da baki, tana da kwanon jifa. Ni ba ni da ko ɗaya. Ba zan iya shiga turakarsa ba, ba zan iya tare shi a hanya ba, ba zan iya cewa "Baffa ka saurare ni" ba, don yin haka ya fi abin da ake zargina da shi muni. A lokacin na ga ramin da ke cikin rubutuna. Littafin da fim ɗin duka sun ɗauka cewa hira ita ce asalin zaman uba da ɗiya, shiru kuma ɓaraka ce. Ni kuma na kwashe wannan na faɗa da Hausa, a kunnen mutanen da shiru ne girmamawarsu.

Ranar karewa ta matso. A gidanmu ba a tafiya sai an yi wa Baffa sallama ta bakin Goggo, shi kuma ya ce Allah ya kiyaye hanya. Goggo ta kai masa sallamata, ya ci gaba da gyaran hauyarsa. Na hau tudun da ake samun layi na kira Mushe Idi, na roƙe shi a ɗaga mini ranar.

"Madmazel, a ɗaga don mi? Rasuwa aka yi?"

"A'a, Mushe. Mahaifina ne ba ya amsa gaisuwata."

"Gaisuwa! Malamai uku za su bar aikinsu su zauna dominki, ki ce mani gaisuwa? Ki zo ki kare aikinki, ki koma ki yi ta durƙuso har kaka."

Gaskiyarsa ce, na sani. Amma na san in na hau mota ba sallama, maganar ta tabbata ke nan: ta zage shi, ta zo ta ga idonsa, ta kuma juya. Na ce masa ba zan zo ba. Ya ce ya yi nadamar lokacin da ya ɓata a kaina. Ban ga laifinsa ba. Wannan shawara ta ci mini shekara guda, ta kuma ci mini gurbin da aka riga aka yi mini maganarsa a wata lise ta Maraɗi. Da na gama daga baya, sai a Gidan Sori na samu aji, inda na yi shekarun da kuka sani ina koyar da yara a rumfar kara. Wani lokaci in na ga ƴan ajinmu a talabijin nakan kashe in tafi in ɗora ruwa.

Daminar nan ba ta da wani labari sai gajiya. Hannun da ya saba da biro ya koma noman wake a gayaunar Goggo, ya yi kanta ya fashe. In tashi da asuba, in durƙusa, in gaishe da zana, in ji takalmi ya wuce. In tafi gona. In dawo in daka gero. Ƙannena suka fara yi mini magana a hankali kamar mara lafiya. Inna ta ce wa Goggo, ina ji, a gaya wa waccan ta ci abinci, ta zama kamar karan dawa. Littafin yana cikin jakata ban ko son ganin bangonsa.

Goggo ce ta kawo dabarar, ba don ta ɗauke ta dabara ba. Bayan azahar mata kan taru a inuwar itacen bedin da ke tsakar gida suna tsinkar tafasa da yakuwa, Baffa kuma a daidai lokacin yakan zauna a bayan zanarsa yana tufkar igiya. Wata rana ta ce tunda Baturen nan ya jawo mana abin da ya jawo, in ba su labarinsa tun daga farko su ji. Na fara a daburce. Da na ga babu mai kallona, kowa idonsa na kan ganye, sai bakina ya saki. Kullum in ba su kaɗan, yau littafi, gobe fim.

Fim ɗin bai samu karɓuwa ba ko kaɗan.

"Ta jefi ubanta da kwano?" in ji matar mai gishiri, wadda yanzu ba ta fashin zuwa. "Kuma ƙasa ba ta tsage ba?"

"Ai daga baya sun shirya, har suka rungume juna."

"Ƙato da gemu ya rungumi balagaggar ɗiya a gidan mai, gaban masu sayen esans? Gara jifar."

Masassaƙin kuwa sun tsaya masa. Goggo ta tambaya ko ɗiyar ta fari ce. Na ce ita kaɗai ya haifa.

"To ai ita ce ta farin. Mi ne laifinshi? Mutum mai kunya ne, an yi mashi sharri a littafi."

Na yi ƙoƙarin nuna musu bambancin, cewa shirunsa horo ne, na Baffa kuwa, na ce, na mutanenmu kuwa, ba horo ba ne. Na faɗi wannan da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Bayan zana igiya ta ci gaba da ƙara a kan cinya. Ban san ko yana ji ba, sai ranar da na kai inda masassaƙin ke kwance yana jinya, ɗiyar na zaune gefensa tana jira ko zai ce wani abu. Sai muka ji gyaran murya.

"Dije."

"Na'am."

"Tambayi mai labarin nan. Shi mai jirgin, kafin rigimar, yana hira da ɗiyar?"

Goggo ta juyo ta maimaita mini tambayar kalma kalma, kamar daga wani gari aka aiko ta. Na kalli Goggo na ce yana yi. Kowane maraice sukan zauna a bakin ruwa, tana karanta masa jarida, yana yi mata gardama.

"To ya yi asara," in ji Baffa. Ya ci gaba da tufka.

Na kwana ina juya wannan magana, na ɗauka gobe za a amsa mini. Ba a amsa ba. Gero ya yi kunnen kare, ya yi bununi, ya nuna, labarin ya ƙare, matan suka koma hirar tsadar taki, ni kuma ina nan ina gaishe da zana. A lokacin na daina sa rai. Ban ji haushi ba, ƙarfin jin haushin ma babu. Na yanke a raina in an gama girbi zan koma Maraɗi in sake rajista, da sallama ko babu, tunda shekarar ta riga ta tafi.

Ranar da aka fara ɗaurin gero kowa na gona, gidan ya rage daga ni sai Goggo, wadda ƙafa ta hana ta fita, sai Baffa da ya dawo sallar azahar. Goggo ta sha hura ta jingina da bedi, kafin in gama wanke kwanoni har ta fara minshari. Na zauna kusa da ita. Na ji Baffa ya shimfiɗa buzunsa a bayan zana. Ban shirya ba, gajiya ce kawai ta yi magana. Na dubi Goggo, bakinta a buɗe, ƙuda na yawo a kan zanenta, na ce:

"Goggo, ni dai zan koma bayan girbi. Na faɗi sunan da bai kamata in faɗa ba, na yi magana an ɗauke ta inda ban nufa ba, na zauna damina guda ina jiran a ce mani ga laifina. In sunan ne, a gaya mani. In maganar binnewar ce, a gaya mani. Na gaji, Goggo. Ki tambayar mani."

Minsharin Goggo ana jin sa har ƙofar gida, babu yadda za a yi a ce bai san barci take ba. Har na fara tattara kwanonin, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Dije, ki ce mata sunan ba komi, haka lakol ta koya masu. Maganar Baturen ma tun ran da kika gaya mani na yarda. Ran kasuwar nan na sayar da akuya, na zauna wurin mai shayi, na tarar rediyo na yi. Wata yarinya ce ke magana, tiryan-tiryan, ba gargada. Na zauna ina saurare har shayina ya huce. Na ce wa na kusa da ni, kai, ɗiyar wane ce wannan, Allah ya yi wa ubanta albarka. Sai wurin ya ɗauki dariya. Mai shayi ya ce, Malam, ba ka san muryar ɗiyarka ba? Dije, ban san ta ba. Masu awaki sun san ta, ni ban san ta ba. Kullum da safe in ta yi ƴar maganar nan tata, sai dariyar ta dawo mani, bakina ya ƙi buɗewa. Daminar nan dai na ji muryarta, na ji mai jirgi, na ji direba. Ki ce mata ta tafi, Allah ya kiyaye hanya. Gobe in ta zo gaisuwa ta ɗan ɗaga murya, ta ƙara ko da maganar ruwa ce ko ta gona. Kada a sake tambayata a kasuwa."